Neman Audugar da Ba a Ɗebe Ba

Ƙarfe shida da minti goma sha biyu na safiyar wata Litinin abin ya fara lalacewa. Na san lokacin daidai domin na rubuta shi a littafina, kamar yadda nake rubuta komai a wancan lokacin. Muna tsaye ni da Kawu Iliya a bakin wata gona bayan Kafur, babur ɗinsa bai gama hucewa ba, wayata tana nuna mini cewa mun iso. A taswirar tauraron ɗan'adam gonar fara ce fat, auduga tun daga gindin wata kuka har zuwa ƙasan dutse. A gabanmu kuwa dawa ce, ta fi Kawu tsawo ko da ya ɗaga hannu, ta sunkuyar da kai tana jiran masu yanka.

Kawu ya dubi dawar, ya dubi wayar, ya tambaye ni ko tauraron nan nawa ya taɓa riƙe fartanya.

Ina ba da wannan labari ne saboda ku da kuke zuwa shago koyon hoto. Kusan duk wanda ya zo cewa yake yi hoton fili ya fi sauƙi, tunda dutse ba ya motsi, bishiya ba ta ƙifta ido, gona kuma ba ta dawowa ta ce an yi mata baƙi. Ni ma haka na ɗauka.

Shekara biyu na yi a ɗakin fasfo na shagon Malam Sabo a Funtuwa. Ina karatun labarin ƙasa a kwaleji, in an tashi daga aji in wuce shago. Ɗakin fasfo farin ƙyalle ne da fitila biyu da kujera ɗaya, kuma magana uku kawai aikin yake buƙata: ɗaga haɓa, gyara kafaɗa, kalli nan. Su ma ukun a hankali nake faɗinsu, har mai hoto ya miƙo wuya don ya ji abin da na ce, hoton ya fito kansa ya fi jikinsa. Da Malam Sabo ya gaji da ɓarnar takarda sai ya ba ni biro, ya ce in riƙa nuni da shi. Mutane suka saba. Har akwai wani tsoho da ya zo hoton aikin hajji, ya fita yana yi wa Malam Sabo addu'a saboda ya taimaki bebiya da sana'a.

Shekarar da nake magana a kanta ba ta yi wa masu hoto daɗi ba. Waya mai kyamara ta shiga hannun kowa. Biki ne, suna ne, walimar sauka ce, sai a ce ƙanin ango zai ɗauka. Shaguna biyu suka rufe a layinmu, ɗaya ya koma cajin waya, Malam Sabo ya ce wannan ya koma ciyar da abin da ya kashe shi. Mu fasfo ne ya riƙe mu, shi ma ba kullum ba.

Ana cikin haka wani Alhaji dillalin auduga, mai kai kaya kamfanonin gurza, ya zo da aiki. Kalanda yake so ya raba wa manomansa. Hoto ɗaya babba: gonar auduga ta buɗe, fara, da safe, babu mutum ko ɗaya a ciki. Ya nanata maganar babu mutum, domin bara hotonsa ya sa, sai ya tsaya sayen tsire a tasha aka naɗe masa da fuskarsa. Malam Sabo gwiwa ta hana shi hawa babur a lokacin. Ya buɗe akwati ya ɗauko babbar kyamara, wadda ban taɓa riƙewa ba sai don gogewa, ya ajiye a gabana. Ya ce ranar Asabar da safe hoto zai tafi wurin masu bugawa a Zariya. In na kawo, aikin waje ya zama nawa. In ban kawo ba, Alhaji zai kai aikinsa wani wuri, babu wani irinsa a gaba, ni kuma in ci gaba da biro.

Yamma uku na yi a gaban kwamfutar shago ina bin gonaki daga sama, tun daga Bakori har bayan Malumfashi. Ga abin da ake nema, kuma har yau ban canza ba. Ana son gabas a buɗe. Ana son abu ɗaya da ido zai sauka a kansa, bishiya ko dutse. Ba a son turken lantarki, ba a son rufin kwano mai ƙyalli. Ana son rana ta fito daga gefe, ba daga gaba ko baya ba, domin haske mai zuwa ƙasa-ƙasa daga gefe shi ke ba kowane ƙullin auduga inuwarsa, gona ta yi jiki. Wannan hasken bai wuce minti ashirin da biyar ba. Da rana ta ɗaga, auduga takan koma kamar an shanya zanen gado. Na auna nisa, na lissafa ta inda rana za ta ɓullo a wannan watan, na zana inda ƙafa uku, wato abin ɗora kyamara, za ta tsaya. Na rubuta kaya: batir biyu, memori biyu, ƙyallen goge gilashi, leda saboda raɓa. Na tsara tafiyar minti-minti, shafi huɗu.

Abu ɗaya ne ban duba ba, ɗan rubutun nan da ke ƙasan hoton taswira mai faɗin lokacin da aka ɗauke shi. Kuma in faɗi gaskiya, abin da ya fi burge ni da taswirar shi ne ba sai na tambayi kowa hanya ba.

A Malumfashi na kwana, gidan Kawu Iliya, ƙanin mahaifiyata. Takin zamani yake sayarwa, ya san kowa, kuma ba ya iya wuce mutum bai tambayi lafiyar ubansa ba. Tun da yamma na sa ya yi mini alkawarin ba za mu tsaya ba. Ya cika alkawari. Da hon ya yi ta gaisawa, yana ƙirga mini mutanen da sai ya koma ya ba su haƙuri. Kafin mu kai gonar sun kai bakwai.

To ga mu a gaban dawa. Wani mutum ya ɓullo a kan keke da lauje a kafaɗa, Kawu ya tare shi da murna kamar wanda aka sako daga ɗauri. Bayan an gama da iyali da sanyi da farashin taki, mutumin ya ce lallai an yi auduga a nan, amma shekara uku ke nan, tsutsa ta kori mai gonar ya koma dawa. In auduga muke so, sai gonar Malam Haruna a ɗaya gefen gari. Amma baƙo ba ya shiga gonar mutane da na'ura mai ƙafa uku bai gaida mai unguwa ba.

Ku rubuta wannan, domin ba ya cikin kowace manhaja: gaisuwar mai unguwa ta fi hasken safe tsawo. Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo ruwa, aka kawo koko da ƙosai. Can aka gano Kawu ya san marigayi yayan mai unguwa, aka yi addu'a, aka sake sabuwar gaisuwa a kan wannan. Ni ina gefe ina kallon hasken rana yana saukowa a bangon zauren, ina rubuta lokaci. Takwas saura minti goma muka isa gonar.

Ban taɓa ganin gona irinta ba. Auduga ta buɗe har iyakar gani, kunya-kunya a miƙe kamar an ja da zare, ga rimi ɗaya a tsakiya, ga gabas a sarari. Hasken ne kawai ya riga ya mutu. Na ɗauki biyu don gwaji, suka fito zanen gado.

Malam Haruna dogo ne mai fara'a, ya tsaya yana jiran ya ji abin da ya kawo mu. Ina da jarrabawa Talata da Laraba, saboda haka na raɗa wa Kawu ya ce masa ina neman izini in dawo Alhamis da sassafe in ɗauki gonar. Kawu ya isar da saƙo irin nasa. Ya ce 'yarsa ce, injiniyar hoto daga Funtuwa, audugar Malam Haruna za ta hau kalandar Alhaji, za a rataye ta a kowane shago daga nan har Katsina. Malam Haruna ya gyara tsayuwa.

Ya ce, “Ki zo Alhamis, Malama. Za ki same ta yadda ya kamata.”

Na rubuta a littafi: an shirya.

Ranar Alhamis shida daidai muna bakin gonar, tunda an riga an yi gaisuwa. Rimi yana nan. Gabas tana nan. Auduga ce babu. Karare ne baƙaƙe tsaye a jere har iyakar gani. Na shiga tsakiyar kunya na yi tafiya mai nisa ina dubawa, ko ƙulli ɗaya ba a bari ba. Na koma na duba waya ko mun ɓata hanya, wannan karon taswira tana da gaskiya.

Sai ga Malam Haruna cikin babbar riga da hula sabuwa, ya zo tafiya da mu. An share ƙofar gidansa an yayyafa ruwa. A kan tamfol an tara auduga tsibi guda, ya fi ƙofar zaure tsawo, fara tas, babu ganye babu ƙasa. Gayya ya kira Talata da Laraba, maza suna ɗiba, mata suna zaune suna tsince datti. Ya yi mini bayani cikin jin daɗi.

“Ai ba za ki taso tun daga Funtuwa ki same ta a warwatse a daji ba, kamar ba ta da mai ita.”

A nan na fahimci abin da shafi huɗu bai gaya mini ba. A wurin manomi, auduga a jikin kara aiki ne da ba a gama ba. Ka ce za ka ɗauke ta haka ka rataye a shaguna, kamar ka ɗauki mutum ne bai wanke fuska ba. Mutumin nan girmama ni ya yi, kuma ya kashe kwana biyu a kai.

Iyalin gidan suka fito cikin kayan sallah suka jeru a gaban tsibin, da ƙannensa da 'ya'yansu da maƙwabta biyu da suka ce su ma sun yi gayya. Wani abin da za ku koya shi ne, irin wannan hoton ba a ƙin ɗaukarsa. Na kafa ƙafa uku, na fito da biro. Haske ya zo daga gefe yadda na lissafa, mai laushi, launin zuma, na ƙarar da minti ashirin da biyar ɗina a kan haɓa da kafaɗa. Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Amma Alhaji ya ce babu mutum, tsibin kuwa da na gwada ɗaukarsa shi kaɗai, sai ya fito kamar katifa ta fashe.

Saura safiya ɗaya, ta Juma'a. Na raɗa wa Kawu ya tambaya ko akwai wata gonar da ba a ɗebe ba. Ashe da maƙwabta suka ji kalanda na zuwa, kowa ya shiga tasa gonar, kada a hango ta a bayan ta Malam Haruna a ce ga ta wane can. Kawu ya kai tambayar zauren mai unguwa. Mai unguwa ya ce a garin nan, alhamdu lillahi, babu rago. Sauran mutane suka sunkuyar da kai. Wani tsoho ya ɗaga haɓa wajen yamma kamar zai yi magana, aka yi masa tari daga wuri uku, ya fasa.

Muka hau babur muka yi ta zagaye har azahar. Taswira ta nuna mini fararen gonaki biyar, muka je duka. Biyu waken suya, ɗaya masara da aka girbe, ɗaya karare, ɗaya kuma an gina makarantar Islamiyya a kai. Malam Sabo ya kira ya tambayi yadda ake ciki, na ce ana kan aiki. Ya ce muryata ta yi ƙasa fiye da kullum, abin da bai zaci zai yiwu ba.

Da muka koma gidan Malam Haruna sai aka ce in shiga cikin gida in ci abinci. A nan Kawu ya tsaya, domin namiji baƙo iyakarsa zaure. Na shiga ni kaɗai, babu mai yi mini magana. Aka kai ni ɗakin Iya, mahaifiyar Malam Haruna, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido, aka ajiye mini dambu. Ta ce in nuna mata hotuna. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta ce an yi wa ɗanta adalci, amma ƙaninsa ya tsaya kamar an kama shi da akuyar mutane. Sannan ta lura ban taɓa dambun ba, ta tambaye ni ko hoton ne bai yi ba.

Na duba hagu da dama, babu Kawu. Dole na buɗe baki. Na gaya mata komai, da Alhaji da tsirensa, da gwiwar Malam Sabo, da Asabar, da cewa auduga a jikin kara nake nema, a tsaye a gona, yadda Allah ya buɗe ta. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan da baƙo ba. Iya ta saurara har ƙarshe, ta kira matan gidan ta maimaita musu, aka yi dariya har wata ta zauna a ƙasa.

Iya ta ce, “To ran Litinin bakinki yana ina, 'yar nan? Tukunya huɗu muka dafa wa 'yan gayya.”

Ta sa matan suka fita, ta matso kusa. Ta ce akwai gona ɗaya, ta Tanko, ɗan ƙaninta. Kowa ya san da ita, amma babu namijin da zai faɗa, domin ba za su ɗauki abin kunyar dangi su miƙa wa kalanda ba. Ta kwatanta mini: a haye rafi ta wajen yamma, a bi gefen dutse, inda ɗorawa biyu suke tsaye kusa da juna.

“Kada ki ce ni na faɗa. In an tambaye ki, ki ce tauraronki ne ya gani.”

A nan taswira ta yi aikinta, kuma ina so ku san tana da aiki. Na buɗe ta a zaure, na sami rafin, na sami dutsen, na sami ɗorawa biyun da 'yar hanyar da za ta ɗauki babur. Rafi da dutse da tsohuwar bishiya ba sa canzawa cikin shekara uku, waɗannan ku tambayi taswira. Abin da mutum ya shuka bana, da abin da yake niyyar yi da shi jibi, ku tambayi mutumin, da bakinku, ku kuma faɗa masa abin da kuke so har ya gane.

Bayan la'asar muka isa. Gonar ba ta kai ta Malam Haruna tsari ba, kunyoyin sun ɗan karkace, akwai ciyawa nan da can. Amma audugar ta buɗe ta gaji da buɗewa, tana rataye a jikin kara kamar za ta zubo, fara har gindin dutse. Na tsaya na duba ta inda rana za ta fito. Dutse a hagu, ɗorawa biyu a tsakiya, haske daga dama. Babu turke, babu kwano.

Mai gonar yana kishingiɗe a gindin ɗorawa, rediyo a kan ƙirjinsa, hula a kan fuska. Kawu ya buɗe baki, na riga shi. Na yi sallama, na durƙusa, na gaida Malam Tanko gaisuwa cikakkiya, gajiya da iyali da sanyi. Da na zo kan “ina aiki” Kawu ya yi tari, Malam Tanko kuwa ya amsa da cewa aiki da godiya. Na gaya masa abin da nake so dalla-dalla. Ya tashi zaune ya rage muryar rediyo. Ya tambaya ko zai fito a hoton, na ce a'a. Ko za a rubuta sunansa, na ce a'a. Ko akwai abin da zai ɗauka ko ya kawar, na ce babu, yadda take ɗin nan nake son ta. Ya dubi Kawu ya ce ashe har yanzu ana samun yara masu hankali a birni.

Hoton da na ɗauka a nan washegari, shida da rabi da 'yan mintuna, shi ne ya tafi Zariya ranar Asabar, kuma tun daga lokacin babbar kyamara take hannuna. Amma a yammacin nan ban san haka ba tukuna. Abin da na sani shi ne an taɓa yi mini alkawarin zan same ta yadda ya kamata. Don haka har mun juya za mu tafi na dawo, na sake durƙusawa, na ce don Allah ina roƙon abu ɗaya, kada ya kira gayya, kada ya sa kowa ya taɓa ta kafin gobe da safe.

Malam Tanko ya mayar da hularsa kan fuska, ya gyara kwanciya.

Ya ce, “Malama, wata guda ke nan matata da surukaina da mai unguwa suna roƙona in ɗebe ta. Ke ce ta farko da ta zo mini da magana mai ma'ana. Ki zo gobe. In hoton bai yi ba, ki dawo bayan sati biyu, tana nan.”